Ruwan ido: da gaske ne ƙarancin zaɓi ya fi sauƙaƙa wa mutum rayuwa?

Duk bayan 'yan watanni sai wani ya sake tono hoton nan ya watsa a zaurukan WhatsApp na 'yan Garwa da Marwa, a arewacin Kamaru: Mark Zuckerberg, mai Facebook, cikin 'yar rigarsa mai ruwan toka, an rubuta a ƙasa cewa kullum irinta yake sawa don kada ya ɓata tunaninsa a kan tufafi. Wani lokaci a haɗa da Barack Obama, wanda a 2012, yana kan mulkin Amurka, ya faɗa wa wani ɗan jarida cewa kwat kala biyu kawai yake sawa, mai ruwan toka ko shuɗiya, domin yana da shawarwari masu nauyi da ke jiran ya yanke. Nan take sai zaure ya rabu biyu. Wasu su ce, "Kun gani ko? Ashe mai riga ɗaya shi ke cikin hutu." Wasu su ce rainin hankali ne kawai, mai biliyoyi yana koya wa wanda bai ci na rana ba yadda ake rage buri.

Abin tambaya shi ne, idan aka rage wa mutum abin da zai zaɓa, taimakonsa aka yi ko tauye shi? Ni a ganina ɓangarorin biyu kowa ya kama jelar magana ne ya bar kanta, domin abubuwa biyu daban ake cakuɗawa ana kiransu da suna ɗaya.

Taƙaitawa daban, rashi daban

Tun kafin Turawa su shigar da batun ɗakin gwaji Bahaushe ya raɗa masa suna: ruwan ido. Mai ruwan ido ba ya rasa abin zaɓa, yawansa ne ya ɗaure shi. Ya ɗauki wannan ya ajiye, ya koma wancan, daga ƙarshe ko dai ya tashi hannu rabbana, ko ya yi zaɓen tumun dare. Masana halayyar ɗan Adam suna nufin wannan yanayin ne idan suna maganar cunkoson zaɓi, wato inda yawan abubuwan da ke gaban mutum ya fi ƙarfin abin da kansa zai iya aunawa a lokacin da yake da shi.

Maganin ruwan ido shi ne taƙaitawa: akwai talatin, kai da kanka ko wani da ka amince da shi ya tace ya bar maka uku. Rashi kuwa wani abu ne can daban: babu talatin ɗin tun farko, ɗaya ne tal, ka so ka ƙi. Zuckerberg taƙaitawa ya yi, ranar da ya ga dama zai iya sayen kantin rigunan gaba ɗaya. Yaron da ke tura baro a kasuwa da riga ɗaya ba shawara ya yanke ba. Duk amfanin da za a lissafa a nan gaba na taƙaitawa ne, kada a jingina shi ga rashi.

Gwajin da ya tayar da ƙurar

A shekarar 2000 wasu masana biyu, Sheena Iyengar da Mark Lepper, suka wallafa sakamakon wani gwaji da suka yi a wani babban kantin kayan abinci a garin Menlo Park na jihar Kalifoniya. Sun kafa tebur na ɗanɗanon konfitir, abin nan mai zaƙi na 'ya'yan itace da ake shafa wa burodi. A wasu sa'o'i su jera iri 24, a wasu su jera iri 6 kacal. Teburin mai iri 24 ya fi jan jama'a: kashi 60 cikin ɗari na masu wucewa sun tsaya, mai iri 6 kuma kashi 40. Amma da aka zo wajen ciniki sai labari ya sha bamban. Cikin waɗanda suka tsaya a teburin mai iri 6, kimanin kashi 30 sun saya. A na iri 24, kashi 3 ne kawai.

Ba su tsaya nan ba. Sun ba ɗalibai damar rubuta insha'i don ƙarin maki, wasu daga cikin batutuwa 6, wasu daga cikin 30, kuma masu 6 ɗin suka fi yawan rubutawa. Bayan 'yan shekaru Iyengar da abokan aikinta suka duba bayanan ma'aikata kusan 800,000 a Amurka game da asusun ajiyar fansho, suka ga duk inda aka ƙara yawan tsare-tsaren da ma'aikaci zai zaɓa, yawan masu shiga yana ɗan raguwa. Kuɗin tsufansu ne fa, amma dogon jeri ya sa wasu suka ce sai gobe, goben da ba ta zo ba.

Abin da ke faruwa a cikin kai

Na ga wannan da idona ana saura kwana goma ƙaramar Sallah, ranar da na raka goggona babbar kasuwar Garwa sayen atamfa. Shagon farko da muka shiga turame ne jere har rufi: 'yar Holan, 'yar Kwatano, 'yar Najeriya, 'yar Sin, ga leshi ga shadda a gefe. Yaron shago ya yi ta saukowa da su yana warwarewa, ta kara wannan a hannu, ta fita da wancan bakin ƙofa don ta gan shi a hasken rana. Mun fi sa'a guda. Ya warware abin da ya kai ashirin, gumi ya jiƙa masa riga, ta miƙe ta ce, "Bari mu ɗan zaga tukuna." Kowa ya san ma'anar wannan zagayen.

Sai muka biya wajen wani dattijo da ta saba da shi, shagonsa bai kai rabin na farko ba. Bayan gaisuwa ya ce, "Hajiya, ta Sallah ce ko ta biki? Nawa kika ware? Mai duhu kike so ko mai haske?" Ta amsa. Ya juya ya zaro turmi uku ya ajiye a gabanta. Kafin in gama gyara zama an yi ciniki an ƙulle leda. Abin mamaki, na tabbata irin wadda ta saya akwai ta a shagon farko.

Abubuwa da yawa ne suka haɗu a nan. Na farko lokaci. Tun a 1952 wani masani ɗan Ingila, William Hick, ya nuna da fitilu da maɓallai cewa lokacin da mutum ke ɗauka kafin ya zaɓa yana ƙaruwa da yawan abin zaɓa. Nasa gwajin ma mai sauƙi ne, fitila ta kama ka danna maɓallinta. Atamfa kuwa ba fitila ba ce, kowace tana da kala, da zane, da kauri, da farashi, da tambayar ko za ta zuba a wanki. Idan turmi uku ne, kwatance uku za ka yi tsakaninsu bibbiyu. Idan ashirin ne, kwatancen ya zama 190. Babu kan da ke riƙe wannan lissafi a cikin zafin Garwa da azumi a baki.

Na biyu, kuma shi ya fi cin rai, da-na-sani. Wanda ya zaɓi ɗaya cikin uku biyu ya bari. Wanda ya zaɓi ɗaya cikin ashirin ya bar sha tara, kuma zuciya ba ta kwatanta abin da ka saya da kowace ɗaya a cikinsu. Sai ta ƙera wata atamfa da babu ita a duniya, mai kalar waccan, da kaurin wannan, da arahar ta can ƙasa, ta ce maka ga abin da ka rasa. Ko me ka riƙo, ba zai kamo wannan ta mafarki ba.

Na uku, wa za a ɗora wa laifi? In iri ɗaya ne a kasuwa kuma ya koɗe, sai ka zagi kasuwa ka yi barcinka. In ashirin ne ka zaɓo mai koɗewa, ba ka da wanda za ka zarga sai kanka.

Mai "sai na ƙure" da mai "ya isa"

Herbert Simon, wanda ya samu kyautar Nobel a fannin tattalin arziki a 1978, ya daɗe yana cewa ɗan Adam ba shi da lokaci ko bayanin da zai binciko mafi kyawun komai, don haka abin da masu hankali ke yi shi ne su sa ma'auni, abu na farko da ya cika shi su ɗauka. Barry Schwartz ya faɗaɗa wannan a littafinsa na 2004, ya raba mutane gida biyu. Akwai wanda ba ya sayen waya sai ya zaga kowane shago, ya tambayi na Kuseri, ya sa an tambayo masa farashin Injamena da na Mubi. Akwai wanda zai ce, ina son mai riƙe caji, mai ɗaukar layi biyu, kada ta wuce jaka arba'in, da ya samu ya biya ya tafi.

Kada a ɗauka na farkon wawa ne. Wani bincike na 2006 a kan ɗaliban da ke kammala jami'a a Amurka ya gano cewa masu ƙure nema sun samu ayyukan da albashinsu ya fi na sauran da kimanin kashi 20 cikin ɗari. Sai dai su ne kuma suka fi rashin gamsuwa da aikin da suka samu, suka fi damuwa a lokacin neman. Sun fi samu, sun fi ƙunci. Wannan ciniki ne da kowa zai auna wa kansa, amma aƙalla ya san akwai abin da yake biya.

A nan addini ma yana da abin cewa. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Nana A'isha cewa ba a taɓa ba Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zaɓi tsakanin al'amura biyu ba face ya ɗauki mafi sauƙinsu, matuƙar ba saɓo ba ne. Aya ta 159 a Suratu Ali Imrana ta yi umarni da shawara, sannan idan an ƙudurta a dogara ga Allah. Istihara ma haka take, ana yinta ne don a rufe ƙofar waiwaye, ba don a ci gaba da jujjuya magana har wata uku ba.

Inda masana suka saɓa

Gaskiya ɗaya ce, masu yaɗa hoton rigar toka sun fi masu binciken kansu tabbaci. A 2010 Benjamin Scheibehenne da abokansa biyu suka tattara gwaje-gwaje 50 a kan wannan batu suka haɗa lissafinsu. A wasu, yawan zaɓi ya hana mutane saye. A wasu ya ƙara musu. Da aka haɗa duka, tasirin ya kusan zama sifili. Wato ba doka ba ce kamar faɗuwar dutse ƙasa.

A 2015 Alexander Chernev da abokan aikinsa suka sake bin sawu, suka tambayi abin da ya fi amfani: yaushe ne ruwan ido ke kama mutum? Suka ga yana kamawa idan abubuwan sun yi kama da juna kuma suna da wuyar kwatantawa, idan lokaci ya ƙure, idan mutum bai san ainihin abin da yake so ba, da kuma idan burinsa ya gama da wuri ne. Wannan ya dace da abin da kowa ke gani. Kai ɗan birni a kasuwar shanu ta Ngawundare, ka ce ya zaɓi sa ɗaya cikin ɗari biyu, sai kansa ya juya. Dillalin da ya tashi cikin garke kuwa yawan ne ma ke masa daɗi, kallo ɗaya zai yi ya ware biyar. Ido ba mudu ba, amma ya san kima, in dai idon ya saba. Dattijon nan mai atamfa abin da ya sayar wa goggona ke nan, idonsa, turmin kuma ya biyo baya.

Sai maganar da ake yawan faɗa cewa ƙwaƙwalwa kamar batir ce, kowace shawara tana rage mata caji har ta mutu da yamma. Tushenta binciken Roy Baumeister ne na 1998. Amma a 2016 ɗakunan gwaji 23 suka haɗu suka maimaita wani gwaji na wannan fahimta, ba su ga tasirin a-zo-a-gani ba. Gajiya dai kowa ya san ta, kuma mai gajiya yakan ce "kawo ko wanne." Batun batir ɗin ne bai tsaya da ƙafarsa ba kamar yadda ake tallarsa.

Dabarun da muke da su tun da

In an lura, rayuwarmu cike take da hanyoyin kashe ruwan ido, ba mu dai kira su da wannan suna ba. Anko na ɗaya. Uwar biki ta fitar da atamfa, mata hamsin sun huta da tunanin me za a sa, an kuma rage gasar wa ta fi wa. Atamfar 8 ga Maris da CICAM, kamfanin atamfa na Kamaru, ya saba bugawa don ranar mata anko ce ta ƙasa baki ɗaya. Mai tuwo a bakin tasha ba ta miƙa maka takarda mai shafi huɗu, za ta ce kuka ko yakuwa, ka amsa kafin ka zauna. Adashi ya cire wa mai zubi tambayar ko yau zan ajiye ko gobe, ranar zubi ranar zubi ce. Alhaji a Arfa, sarki ne ko talaka, ƙyalle biyu farare. Har a asibiti, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin muhimman magunguna tun 1977, kimanin 200 a lokacin, don ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi su san inda za su zuba kuɗinsu a cikin dubban magungunan da ke kasuwa.

Amma anko ma ai yana da haƙora. Matar da ba ta da kuɗin turmin, ko wadda bukukuwa huɗu suka haɗe mata a wata ɗaya, ba hutu aka ba ta ba, bashi aka ɗora mata.

Wa ya taƙaita, kuma don amfanin wa?

Nan ne gizo ke saƙa. Wasu masana tattalin arziki, cikinsu har da Marianne Bertrand da Sendhil Mullainathan, sun yi aiki da wani kamfanin ba da rance a Afirka ta Kudu wanda ya aika wa tsofaffin abokan hulɗarsa wasiƙu sama da 50,000. Wasu wasiƙun sun nuna misalan rance huɗu, wasu misali ɗaya tak. Masu misali ɗaya suka fi karɓar bashin. Ga hujja cewa sauƙaƙawa tana sa mutum ya yi aiki, to amma wane aiki? Cin bashi mai tsadar ruwa. Sauƙin ya yi wa kamfanin rana, ba lallai ya yi wa mai karɓa ba.

Akasin haka ma dabara ce. Danna lambar sayen forfe, wato tsarin data, a wayarka ka gani: na yini, na dare, na mako, na WhatsApp kaɗai, mai garaɓasar da ke ƙonewa da tsakar dare, jeri cikin jeri. Da wuya ka iya lissafa nawa kake biyan kowane mega. Daga ƙarshe yaron da ke sayar da kati ne zai ce, "Yaya, sa na sefa 500 ɗin nan, shi kowa ke sawa," ka sa. An ba ka zaɓi goma sha biyar, amma ba kai ka zaɓa ba.

Manomin auduga kuma misali ne na fuska biyu. A arewacin Kamaru kamfanin SODECOTON ne ke sayen auduga, ta hanyar ƙungiyoyin manoma ake ba da iri da taki da maganin ƙwari bashi, ana kuma sanar da farashi. Manomi ya huta da yawon neman mai saye da fargabar jabun taki, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma a shekarun da farashi ya fi tsada a ƙetaren iyaka, an sha ganin auduga tana sulalewa Najeriya. Mutum yana son sauƙi, amma yana so ƙofa ta kasance a buɗe ko da ba zai fita ba.

Talaka ya fi kowa yawan zaɓi

Wannan ne abin da masu cewa mai riga ɗaya yana hutawa ba su gane ba. Mai hali ba ya tunanin sabulu, in ya ƙare a sayo. Magidancin da ya wayi gari da jaka ɗaya kuwa, kowane sefa sai an yi masa shari'a: gero ko mai, maganin zazzaɓin yarinya ko kuɗin acaɓa, gawayi ko kati. Duk abin da ya ɗauka wani ya faɗi. Shawarwarin da yake yankewa kafin azahar sun fi na attajiri na mako, kuma kuskure ɗaya yana nufin kwana da yunwa.

Mullainathan da Eldar Shafir da abokan aikinsu sun gwada manoman rake 464 a jihar Tamil Nadu ta Indiya, suka wallafa a 2013. Mutanen nan dai su ne, amma sun fi ƙoƙari a gwajin kaifin tunani bayan girbi, da kuɗi a hannu, fiye da kafin girbi lokacin da aljihu ya bushe. Duk wanda ya san watan Agusta a ƙauyukan Diamare, yankin Marwa, rumbu ya yi ƙasa sabon hatsi bai nuna ba, ba ya bukatar a fassara masa wannan. Rashi ba ya sauke wa kai kaya, ƙara masa yake yi.

Shi ya sa taƙaitawa ta fi yi wa mai ƙaramin ƙarfi amfani fiye da Zuckerberg, in dai shi ya tsara ta. Magidancin da ya auno buhun dawa da kaka ya kashe tambayar "me za a ci" ta watanni da shawara guda. Matar da ta tsayar da ranakun miya ta daina tsayuwa gaban mai kayan miya tana lissafi. Wanda ya sa wa kansa doka cewa shago uku zai tambaya, na huɗu babu, ya san lokacin da zai koma gida. A ƙananan abubuwa masu maimaituwa ne ribar take. Auren 'ya, sayen fili, makarantar da za a kai yaro, ko aikin tiyata, waɗannan ba wurin gaggawa ba ne, a nan faɗaɗa tambaya da jin bakin mutum uku ko huɗu shi ne daidai.

Da muka bar kasuwa ranar nan, wajen tela muka wuce. Ɗinkin Sallah ya taru masa har kan kujerar baƙi, ga wata budurwa a gefe riƙe da wayarsa tana ta jan hotunan samfuri da yatsa, ya ce tun bayan la'asar take nan. Ya miƙa hannu zai karɓi wayar ya ba goggo ita ma ta duba. Ko kallonta ba ta yi ba. Ta ajiye ledar a kan keken ɗinki ta ce, "Irin na bara za ka yi mini, sai dai ka ɗan ƙara wa hannun faɗi." Ya ɗauko alli ya rubuta a bakin turmin, ya ce ta aiko ranar Laraba.